Damina ta Legas da aikin dukanci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili domin 'yan'uwanmu dukawa, musamman matasan da suka koyi sana'a a Kano ko Sakkwato suka zo suka kafa rumfa a Agege, Idi-Araba da Mile 12. Hannunsu na da kyau, amma da yawa na asarar jari a damina, domin suna aiki kamar suna cikin busasshiyar iskar Arewa. A Legas ruwa kan sauka tun daga Afrilu, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo har Oktoba, kuma laimar iska takan wuce kashi 80 cikin ɗari.

Babbar matsala gam ce. Sinadarin da ke cikinsa yana sanyaya fuskar fata yayin da yake tashi, sai raɓa ta kwanta a kai ba a gani. Idan shafin ya yi fari-fari kamar hazo, kada a haɗa, ba zai kama ba. A fara goge fatar da tafin takalmin da samfefa har sheƙin ya tafi, a kakkaɓe ƙurar sarai. A shafa gam siriri a ɓangarorin biyu. Fata tana sha, saboda haka ita shafi biyu take so. Minti 10 zuwa 15 da aka saba jira a Kano ba ya isa a nan. A jira sai an taɓa da bayan yatsa bai biyo ba, a ɗan gasa da ɗumin wuta daga nesa, ban da harshenta, domin gam na kamawa da wuta nan take. Sannan a haɗa, a bubbuga da guduma daga tsakiya zuwa gefe, a ajiye awa 24. Tafin roba mai santsi irin wanda ake saye a kasuwar fata ta Mushin, in na PVC ne, wato wani nau'in robar filastik, gam mai ruwan ɗorawa ba ya riƙe shi, sai farin gam da ake gasawa. Kuma mu a ganinmu, takalmin da zai taka ruwan titin Legas dole a bi shi da ɗinki, da zaren nailan da aka goga wa kakin zuma.

Sai funfuna. Fatar da aka jeme da bagaruwa, har da jar fatar akuyar Sakkwato da duniya ta sani, tana jan danshi sosai. Ɗaure ta cikin leda shi ne kashe ta. A naɗe ta da takarda, a ɗora a kan katako nesa da siminti da bango, inda iska ke ratsawa. In funfuna ta fito, a gauraya sifirit, irin wanda ake goge ciwo da shi, da ruwa rabi da rabi, a gwada a gefe tukuna don kada launi ya zuba, a goge, a shanya a inuwa. Man kaɗanya kaɗan ya isa. In ya yi yawa shi ma abincin funfuna ne.

Ƙusa da ƙarfen ado kuwa, duk baduku ya san baƙin ƙarfe na baƙanta fatar bagaruwa da zarar danshi ya shiga. A nemi na tagulla ko marar tsatsa, ko da ya fi tsada.

Roƙonmu ga 'yan kasuwa masu sarin dozin-dozin: ku daina matsa wa baduku ya kawo kaya a kwana biyu cikin watan Yuni. Ku ƙara masa kwanaki, ku amince a sa kuɗin ɗinki da na farin gam cikin ciniki tun farko, domin in tafi ya ɓamɓare, shi ake mayar wa ya gyara kyauta.

Naku,
Wasu dukawa,
Agege, Legas.