Kun yi wa annobar 1347 sama-sama a shirin tarihin Turai

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan ana lafiya, ya aiki.

Ina bin shirinku na tarihin Turai na da, kuma gaskiya kuna ƙoƙari, sai dai akwai abin da ya tsaya min a rai. Kun daɗe kan yaƙin Hastings na 1066 da faɗuwar Kustantiniya a 1453, amma da kuka zo kan annobar nan da ta share mutane sai kuka taɓa ta kuka wuce, alhali ni a ganina ita ta juya Turai fiye da duk wani sarki da takobinsa.

A watan Oktoban 1347 jiragen ruwan 'yan kasuwar Jenowa suka shigo tashar Messina a Sisili da cutar a cikinsu, ƙuma da ɓeraye ke yaɗa ta, kafin 1351 ta kashe wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, wasu masana ma cewa suke ya kai rabi. Kuma ba Turai kaɗai ba fa, ta shiga Alƙahira, ta shiga Tunis inda ta kashe iyayen masanin tarihin nan Ibn Khaldun.

To abin da ya biyo baya shi nake so ku tsaya a kai. Ga gonaki ba masu nomawa, talakan da a da yake ɗaure da gonar ubangidansa ko ƙaura ba shi da ikon yi sai ya farga ashe shi ake nema, ya fara cewa a ƙara min lada ko in tafi wajen wani. A Ingila Sarki Edward na uku ya kafa doka a 1349, aka ƙara ƙarfafa ta a 1351, wai lada ya tsaya yadda yake kafin annoba. Ina! Masu gonakin da kansu suka riƙa karya ta don kar amfaninsu ya ruɓe a gona. Da aka zo ana ta ɗora wa talakawa haraji a kan kowane kai sai suka yi bore a 1381 ƙarƙashin Wat Tyler, suka shiga Landan har suka sare kan babban limamin cocin Kantabari, lokacin Sarki Richard na biyu yana ɗan shekara 14 kacal. An kashe Tyler an murƙushe boren, amma wannan bautar gona ba ta sake komawa da ƙarfinta na da ba.

Akwai kuma ɓangaren baƙin ciki, an ɗora wa Yahudawa laifin wai sun zuba guba a rijiyoyi, aka ƙona ɗaruruwansu a Strasbourg a 1349 duk da Paparoma Clement na shida ya fito ya ce ƙarya ce tunda su ma mutuwa suke yi. Killace matafiya ma daga nan ya samo asali, birnin Ragusa, wato Dubrovnik ta yau a ƙasar Kuroshiya, ya sa dokar killace su na kwana 30 a 1377.

Don Allah ku ware mata shiri guda cur, ku gayyato malamin tarihi daga jami'a, a kuma buɗe layi mu yi masa tambayoyi.

Na gode, a gaida ma'aikata.
Mai sauraronku daga Zariya.