Jirgin Kawu ya fito daga adaka

Damagaram, daren Alhamis

Dogo,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin can, ya iyali? Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya sauko da ƙarfinsa, da safe ko duwatsun Birni ba a hangowa don ƙura. Shirun nan ya yi yawa, tun ƙaramar salla rabona da jin ka, kuma kada ka ce mini aiki, mun san aikin naka. Akwai abin da nake son in roƙe ka, amma bari in fara da abin da ya hana ni barci mako uku ke nan.

Ka tuna ɗan jirgin saman roba na Kawu, irin wanda ake haɗawa da hannu? Wanda muka ɗauke daga ɗakinsa muna aji shida, muka liƙa masa fukafukai a karkace, kai kuma ka shafe shi da koren fentin ƙofa? To, ya fito. Inna ce ta sa a jawo adakar marigayi saboda ɗakin na yoyo tun damina, sai ga kwalin a ƙarƙashin tsofaffin kakinsa. Gara ta ci gefe ɗaya, amma sunan kamfanin Heller na nan, da ma'aunin 1/72, da hoton jirgin Noratlas da jelarsa biyu. Wallahi zaunawa na yi a ƙasa riƙe da shi, idanuna suka cika. Ashe duk faɗan da ya yi mana ranar bai jefar ba. Kowane guntu ya tsince ya ƙulle a ƙyalle, har farfelar da ta karye. Allah ya jiƙan Kawu.

Na ɗau alkawarin sai na haɗa shi yadda ya so. Jirgin gaske faɗin fukafukansa mita 32 da rabi ne, wannan kuwa santimita 45, kamu guda ke nan. Sojan samanmu sun taɓa aiki da irinsa, shi ya sa Kawu yake ji da shi haka.

Fentin naka ne ya fara ba ni wahala. Allah ya taimake ni na gwada tina, ruwan tsinka fenti, a kan wani guntun roba da ba a buƙata, nan take ya narke ya koma kamar alewa. Da jikin jirgin na zuba wa, da shi ke nan. Sai na karɓo man birki a gareji, na jiƙa sassan kwana uku cikin roba mai murfi, na sa safar hannu na bi su da tsohon buroshin haƙori. Dogo, ka ga koren nan yana saluɓewa kamar ɓawon dafaffiyar gyaɗa! Man yana sa tsohuwar roba ta yi saurin karyewa, don haka ina tsamewa na wanke da sabulu sosai, da ruwan ɗan garuwa ma, don pampo ya kwana huɗu bai zo ba. Wata sa'a da na yi kuma, gam ɗin faci muka sa a lokacin. Ainihin gam ɗin waɗannan jirage narkar da robar yake ya haɗe ta, ba ta sake rabuwa cikin daɗi. Namu kuwa da farce na ɓanɓare shi.

Fiffiken hagu ya lanƙwashe, shekaru yana shan zafi ƙarƙashin rufin kwano. Na tsoma shi a ruwan zafi, ba tafasasshe ba, na danne tsakanin katako biyu har ya huce. Sau uku kafin ya miƙe. Gilashin gaban matuƙi da ya dushe, man goge baki da tsumma mai laushi suka dawo da shi, yanzu har kujerun ciki ana gani. Da farin gam na kafinta zan liƙa shi, don wancan mai kamawa nan take yana sa gilashi ya yi hazo.

Af, mai shayinmu na bakin tasha ya ƙara aure, kuma har yau yana cewa kana da bashin jika ɗaya a littafinsa. Auta ya ci jarrabawa, ya shiga jami'ar nan ta gari, Inna sai murna take. Shi ne ma yake riƙe mini tocila in an ɗauke wuta. Yau na zaga Kasuwar Dole neman ƙaramin buroshi, ban samu ba, sai na rage gashin wani da reza.

Abin da ke damuna yanzu takardar tambura ce, waɗanda ake jiƙawa a manna a jikin jirgin. Ta yi rawaya kamar haƙorin mai cin goro. Na sa ta a leda na manna a taga tana shan rana mako biyu, ta washe ƙwarai. Amma da na yanko ƙaramin tambari ɗaya na sa a ruwan ɗumi, sai ya farfashe ya watse a kan ruwan. Gabana ya faɗi, don ba ni da wata. Jiya na shafa wa sauran banis siriri, ya bushe, gobe bayan asuba zan gwada na biyu. Ka taya ni da addu'a, da gaske nake.

Ga kuma ƙura. Fenti ɗanye da hunturu ba sa shiri, sai na yayyafa ruwa a daɓe, na rufe taga, in na shafa in kife daro a kai. Fentin kanti ya yi kauri, yana cike zanen jikin jirgin. In ka samu mai zuwa, ka aiko mini da ƙananan gwangwanayen fentin Humbrol, ruwan azurfa biyu, baƙi ɗaya, da buroshi mai tsini. Kai ka ɓata shi da fenti, kai za ka biya.

Farfelar da ta karye ban taɓa ba. Na ajiye maka ita, in ka zo babbar salla kai za ka liƙa.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Inna na gaishe ka, ta ce kilishinka na nan.

Naka,
abokinka na Birni