A taimaka wa ɗaliban ga da ke buga ƙwallo da yaranmu

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wasu ɗalibai na wata babbar makaranta a nan Birnin Kebbi, ba su san zan rubuto ba ma, ƙila in sun gani su ji kunya.

Ina da yaro ɗan shekara 13 da ƙafafunshi sunka shanye tun yana goye. Gaskiya in faɗa, mu kanmu mun ɗan ɓoye shi, ba don ƙi ba, tsoron bakin mutane ne da yaran unguwa da ba su da kirari sai "gurgu". In an tashi makaranta yana zaure yana kallon 'yan'uwa nai suna buga ƙwallo a layi, shi aikinshi tsaron takalma. Sai bara wani ɗalibi da ke haya kusa da mu ya zo ya ce Baba ka ba ni shi ranar Asabar. Na ce ka kai shi ina? Ya ce fili. Wallahi na ɗauka irin masu zuwa su ɗauki hoto da yaro su sa a Facebook su nemi kuɗi ne, don mun sha ganin irinsu, amma uwar yaron ta ce a bari ya je.

Asabar ta uku na bi su da kaina. Ɗalibai ne kamar goma maza da mata, yara sun fi ashirin. Masu shan inna da irin nawa suna kan katako mai taya, kafinta ya yanka masu, mai walda ya sa boris, sun zura silifas a hannu suna tura ƙasa suna bugun ƙwallo da hannu, gudun da suke yi in ka tsaya a hanya sai an kwashe maka ƙafa. Can gefe makafi ne, ba su da kuɗin ƙwallon nan mai ƙararrawa a ciki sai wata ɗaliba ta sa ƙwallo cikin leda ta ɗaure, yaran na bin ƙarar ledar. Ni dai tsayawa na yi. Yaron da a gida sai ka yi tambaya uku kafin ya amsa ɗaya, shi ne na ji yana yi wa wani ihu wai ya ba shi fasin.

Wasan ga na katako fa namu ne, ba daga Turai anka kawo shi ba. Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano, shi ya ƙirƙiro shi a 1988, ana ce mashi para soka, kuma yau jihohi da dama na da ƙungiya. Sannan wanda ke bin wasanni ya san a wasannin Olamfik da Paralamfik na Rio 2016 masu buƙata ta musamman ne sunka fidda ƙasar ga kunya, zinari 8 sunka ciwo, masu lafiyar ƙafa kuwa tagulla ɗaya tal a ƙwallo. To waɗancan ma ai daga wani fili sunka fara, wani ya ɗauke su ya kai.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin yana tsaye ne kan aljihun yaran da su ma gida ke aiko masu. Kuɗin keke napep na kwaso yara, fiya wata, gyaran boris in yashi ya cinye shi, duk karo-karo suke yi daga kuɗin abincinsu. Filin ma aro ne, na wata firamare, ranar nan sun zo da yara cikin rana mai gadi ya ce ba a ba shi umarni ba, haka sunka juya, nawa har gida bai ce uffan ba. Kuma da an yi hutu ko an shiga jarabawa shi ke nan sai a yi wata guda ba wasa. Babban tashin hankalina shi ne wanda ya faro abin bana zai gama, bautar ƙasa za ta jefa shi inda Allah ya so, wa zai riƙe?

Shi ya sa nake roƙon shugabannin manyan makarantunmu, na Birnin Kebbi da Aliero da Argungu, su mai da irin wanga aiki abin da makaranta ta sani, a sa malami ɗaya a kai, a ba ɗalibi takardar shaida in ya gama, sabbin shiga su gada daga tsofaffi. Ma'aikatar wasanni kuma ko awa biyu ce ranar Asabar a ware masu a filin wasa na Haliru Abdu, ba kuɗi muka ce a raba ba. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci tun Janairun 2019 Buhari ya sa mata hannu, mu dai a unguwa ba mu gan ta ba sai a rediyo duk 3 ga Disamba, ranar masu naƙasa ta duniya.

Iyaye 'yan'uwana kuma, wanda ke tura nashi bara a bakin kasuwa da wanda ya kulle nashi a ɗaki, ku ba da aron su na safiya ɗaya. Nawa yanzu tun daren Juma'a yake wanke silifas ɗin hannunshi ya jingine katako bakin ƙofa, wai kar a makara.

Naku,
Wani uba daga Birnin Kebbi