Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malamin Da Ya Tuhumi Amanar Masu Gyaran Waya

Assalamu alaikum, Malam. Ina fata kana lafiya, da iyali, da ɗalibai.

Ranar Talatar da ta wuce, da gidan rediyo ya gayyace ni shirin amsa tambayoyi kan waya da kwamfuta, kai ne na ƙarshe da ya bugo. Saura minti biyu a rufe shiri ka jero tambaya uku ba ko haɗiyar yawu, mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, aka saki kiɗa. Ni kuma aka bar ni da magana a baki, Gusau da kewaye suna saurare. Washegari tun ban buɗe shago ba mai shayin bakin layinmu ya tare ni da dariya, wai "Oga, jiya Malam ya ƙure ka." To tunda a bainar jama'a ka yi tambaya, a bainar jama'a zan ba ka amsa.

Ga abin da ka tambaya, saboda wanda bai ji ba. Na farko, da wace takarda nake hawa rediyo ina ba mutane shawara. Na biyu, ko ba don cikina ba ne nake cewa a gyara tsohuwar waya maimakon a sayi sabuwa. Na uku kuwa, wanda ya tsaya min a rai, cewa ka yi: "Idan iyalina ta kawo maka waya, wa zai ba ni tabbacin yaranka ba za su leƙa hotunanta ba, ko su zare batir mai kyau su maƙala mata jabu? Ai kowa ya san halinku."

Maganar takarda ba ta da tsawo. Ba ni da ita. Sakandare na gama, a 2007 na tafi Kano na durƙusa gaban maigidana shekara uku a titin Beirut, zamanin da Nokia mai tocila ke tashe. In a makarantarku akwai ajin da ake koyar da yadda ake ɗaga bakin caji da dalma ba tare da an ƙona fanel, wato allon da ke ɗauke da kayan cikin waya, ba, ka aiko min da fom, zan cike.

Ta biyun ma ba sai mun ja ba. Da gyara nake ciyar da gidana, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, waya kuwa, Tecno ce ko itel ko Samsung, ba a Tsafe ake ƙera ta ba. Malamin firamare da batirinsa kawai ya kumbura, in ce masa ya jefar da waya ya sayi sabuwa da albashin wata nawa? Ban dai ce komai ba game da sabon shagon wayoyi 'yan kwali da gari ke cewa na surukinka ne, wanda ka ambaci unguwarsa har sau biyu cikin minti biyun nan. Allah ya ba da kasuwa. Wayoyinsa ma nan za su zo, in an ba su shekara ɗaya da rabi.

Yanzu ga ta ukun.

"Halinku" ka ce, Malam. Da kalma ɗaya ka haɗa ni da yarana da duk wani mai tebur da lema daga Talata Mafara har Ƙaura Namoda ka ɗaure mu da igiya guda, ka kira mu ɓarayi masu leƙen matan mutane. 'Yata babba tana ajin ƙarshe a sakandare, ƙawayenta sun ji. Limamin masallacinmu, wanda ni ke riƙe da kuɗin man janareton masallaci a hannunsa, shi ma ya ji.

Ina jin ba ka san me ake miƙo mana a kan teburin nan ba. Bara da damina wani dattijo daga wajen Maru ya shigo da waya a ƙulle cikin ledar shinkafa, don an gaya masa shinkafa na tsotse ruwa. Ba tasa ba ce, ta ɗansa ce. A gefen hanya aka tsince ta bayan kwana biyu ana ruwa, ɗan kuwa an riga an yi masa sutura. Bai ce in gyara don ya sayar ba. Cewa ya yi akwai muryar yaron a ciki, yana son uwarsa ta ji. Na buɗe, fanel ya yi kore da tsatsa. Na wanke shi da sifirit da ɗan buroshi, na busar, na canza bakin caji, na ɗora mata aron batir. Sai a rana ta biyu da la'asar ta kawo haske, Allah ya taimaka kuma babu kulle a kanta. Na kira dattijon, na nuna masa inda zai danna, na sa masa abin ji a kunne, na kori yara waje, ni ma na fita sayen ruwan da ba na jin ƙishinsa. Har yau ban san abin da yaron nan ya faɗa ba. Wannan ne halin da ka ce kowa ya sani?

Ba zan yi maka ƙarya in ce babu ɓata-gari a cikinmu ba. Akwai, kuma na fi ka saninsu. A 2016 na kama wani yarona yana kwafar hotuna daga memorin wata baiwar Allah zuwa wayarsa. Ɗan yayata ne, uwa ɗaya uba ɗaya muke da mahaifiyarsa. A gabansa na goge, na karɓi makullin shago, na ce kada ya sake tako min ƙofa. Yayata ta yi wata bakwai ba ta amsa gaisuwata, sai da Babbar Salla dattawan gida suka shiga tsakani, kuma duk da haka ban mayar da shi ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, na yarda. Amma ku ma a sana'arku ana jin labarin masu sayar da maki da masu matsa wa ɗalibai mata, ban taɓa bugawa gidan rediyo na ce ai kowa ya san halin malamai ba. Ina jin kunyar waɗanda suka koyar da ni.

Tun daga ranar nan na kafa doka a shagona, duk wanda ya taɓa kawo min aiki shaida ne. Kafin ka bar waya, kai za ka cire layinka da memorinka da hannunka. In wayar mai buɗuwa ce, a gabanka ake buɗe ta, in ba ka maka, alƙalamin nan mai kaurin rubutu, ka sa hannu a jikin batir. Duk abin da na cire, gilashi ne ko batir ko lasifika, a leda nake miƙo maka shi tare da rasit. Lambar sirri ba na karɓa sai aikin ya tilasta, canjin gilashi da batir kuwa yawanci ba sa bukata, in ka dawo kai za ka buɗe mu gwada tare. Mace in ta zo, benci na nan, ta zauna ita ko wanda ya rako ta har a gama.

Batun an canza min kaya kuma, sau da yawa rashin bayani ne, laifin namu ne da ba ma tsayawa mu yi shi. Gilashin waya hawa-hawa ne. Akwai na asali da aka ciro daga wata wayar, akwai kwafi mai kyau, akwai kwafi na talaka wanda in ka fita rana sai ka yi masa rumfa da hannu kafin ka ga wanda ke kira. Daga Sin ake shigo da yawancinsu, su sauka Ikeja a Legas ko Farm Centre a Kano, kafin su iso mana an ɗora kuɗin mota. Sai mutum ya zo ya ce a sa masa mafi araha, ka sa, bayan sati ya dawo yana rantsuwa an sace masa na asali, alhali na asalin shi ya fasa da kansa a kan kwalta. Batir ma haka. Kamfanin Apple da bakinsa ya ce zafin da ya wuce digiri 35 yana lalata batir, mu kuwa a nan watan Afrilu yakan taɓa 40. Mutum ya bar waya a gaban gilashin mota daga azahar zuwa la'asar, da dare ya jona ta da cajar bakin titi ya tura ƙarƙashin matashi yana kallo har asuba, in ta kumbura ta ɗaga murfi sai ya tuna ai wata uku da suka wuce ya kai ta gyara.

Ka ce wa zai ba ka tabbaci. Ba sai ka yarda da ni ba, wayar da kanta za ta gaya maka. Danna *#06#, lamba 15 za ta fito, ita ce IMEI, lambar shaidar wayar, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali kafin gyara da bayan gyara, in an musanya maka fanel za ka gani. In iPhone ce ta baya-bayan nan, tun daga manhajarta ta iOS 15.2 akwai wuri a cikin bayanin wayar da ke nuna tarihin abin da aka canza, batir ko gilashi, da ko na asali ne. In Samsung ce ta baya-bayan nan, tun 2022 suka fito da yanayin gyara, ka kunna shi kafin ka miƙa, mai gyara zai gwada komai amma ba zai ga hoto ko saƙo ko ɗaya ba. Duk wannan na faɗe shi a rabin farko na shirin. Wataƙila lokacin kana shirya tambayarka.

Kuma in don sirrin iyali kake wannan kishi, Allah ya saka, to ka duba inda ɓarakar take. A wata ba na rasa mutum biyu uku da za su zo hankali tashe an ƙwace musu WhatsApp, kuma ba a teburin mai gyara aka ƙwace ba. Wani ne ya bugo da murya mai daɗi ya ce za a yi taron ƙungiya ta intanet, a karanto masa lamba shida da aka turo, suka karanto. Akwai masu digiri biyu a cikinsu. Wani kuma an zare masa waya a tasha, layinsa ba shi da kulle, kafin ya kai gida an kwashe asusunsa na banki da layin kawai. Su waɗannan gaba ɗaya wurinmu suke zuwa kuka, mu muke zama mu maido musu abin da zai maidu, sau da yawa ko sisi ba ma karɓa.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya, ba a tuna da mu sai in za a zage mu. Ranar 3 ga Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. Ba na jayayya da dalilin, kowa ya san abin da muke ciki. Amma sai 1 ga Oktoba aka sako Gusau, sauran garuruwa kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. An rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka, ga shi da janareto muke hura injin zafi na narkar da dalma. Mutane suna shiga mota su ƙetare iyakar jiha don kawai su gaya wa ɗan'uwa an yi haihuwa ko an yi rasuwa. Wa zai gyara wayar da ba ta kira? Yara shida gare ni a lokacin, kullum mu buɗe shago mu share mu zauna muna kallon juna. Na sayar da babur ɗina na riƙe huɗu. Ɗaya ya koma gona, ɗaya ya bi 'yan haƙar zinariya, bai sake dawowa sana'a ba, kuma duk cikinsu shi ya fi hannu. Albashinka kuwa yana nan yana jiranka a banki, Allah ya ƙara. Ban ji ka bugo wani gidan rediyo ka tambayi yadda masu gyaran waya da masu caji da masu sayar da kati suka ci abinci ba. Farkon 2023 kuma da takardun kuɗi suka ɓace, wayar kowa ta zama aljihunsa, mu ne muke kaiwa goman dare da tocila a baki don kada magidanci ya kwana bai tura kuɗin cefane ba. Ran nan ba wanda ya nemi takardarmu.

Abu na ƙarshe, Malam. Ka yi magana kamar wanda bai taɓa taka shagon mai gyara ba, alhali ni da kai mun san ka taɓa hawa bencin nan nawa, da kwamfutarka a hammata, gumi na zuba, saura kwana uku ka miƙa aikin da ka shekara biyu kana rubutawa. Ta kwana biyu a hannuna a buɗe, babu kulle. Abin da ke cikinta ba zan faɗa ba, yau ko gobe, kamar yadda ban faɗa ba shekaru huɗun nan, ko da ka sake bugowa ranar Talata mai zuwa. Cikon kuɗin aikin ne dai ba ya cikin sirri, yana shafi na 41 a littafin bashi, da sa hannunka.

Shago yana buɗe daga ƙarfe tara na safe har magariba, ban da Juma'a sai an sauko. Ka zo da wayar Hajiya, ka zauna a gyara a gabanka, maka tana nan ka sa hannu a batir. In za ka taho, ka taho da cikon.

Wassalam.

Naka,
Mai gyaran waya, Gusau.