Jabun magani: a kan kantar kemis ake yi mana illa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk lokacin da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta kai samame, kamar wanda ta yi a 2025 a kasuwannin magani na Onitsha da Aba da Idumota a Legas, jaridu kan cika da hotunan kwalaye da wutar ƙone su. Aikin ya kamata, babu ja. Sai dai ina roƙon jaridarku ta juyo da hankalin masu karatu zuwa kan kantar kemis ɗin unguwa, domin a nan jabun magani yake shiga hannun mai ciwo.

Ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro mai sinadaran artemether da lumefantrine. Babban mutum yana shan ƙwaya 24 masu ƙarfin 20/120 (wato miligiram 20 na artemether da 120 na lumefantrine a kowace ƙwaya): huɗu da farko, huɗu bayan awa takwas, sannan huɗu safe huɗu yamma na kwana biyu, kuma a kan abinci mai ɗan maiƙo. Jabun da ya fi haɗari ba wanda aka cika da alli ba ne, shi wannan ba ya aiki ko kaɗan, da wuri ake ganewa a koma asibiti. Mugun shi ne wanda aka sa wa sinadarin kaɗan. Zazzaɓi ya lafa, iyaye su saki jiki, ƙwayar cutar tana nan cikin jini, bayan kwanaki yaro ya dawo da jijjiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marasa inganci.

Akwai hanyar tantancewa tun 2010. A jikin kwalin maganin zazzaɓi da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta akwai ɗan fili mai ruwan azurfa. A kankare shi kamar katin waya, a tura lambobin da suka fito ta saƙon tes zuwa gajeriyar lambar da ke kwalin, kyauta ne, amsa za ta zo ko na gaske ne. A yi haka kafin a biya kuɗi. In an tarar an riga an kankare, a mayar. A kuma duba cewa lambar rukuni (batch number) da ranar lalacewa da ke kwali su ne a jikin fallen ciki. Masu sake kwali ga maganin da ya lalace a nan suke tonuwa. Lambar rajistar NAFDAC kaɗai ba ta isa shaida ba, bugawa ake yi.

To amma ina amfanin duk wannan ga wanda ya zo da naira ɗari biyar, aka sa almakashi aka yanka masa falle, ko aka yi masa haɗi a leda? Ba kwali, ba lamba, ba kwanan wata. Haka mai tallan magani a tire cikin ranar Afrilu, alhali yawancin ƙwayoyi an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30. Ko na gaske ne, zafi yana rage masa ƙarfi.

Mayar da dillalan magani na Sabon Gari a Kano zuwa kasuwar magani ta Dangwauro, duk da ƙorafin da ya biyo bayan rufe shaguna a 2024, ya sauƙaƙa bin sawun kaya. Saura a tilasta wa kowane mai kemis riƙe rasidin inda ya saro, kuma masu duba gari su riƙa neman rasidin, ba lasisi kawai ba.

Sai kuma doka. Har yau tarar mai sayar da jabun magani ba ta wuce naira 500,000, ko ɗaurin shekara 5 zuwa 15. Wanda ya shigo da kwantena guda zai biya wannan tarar daga aljihun rigarsa. Ya kamata 'yan majalisarmu su cire zaɓin tara ga masu shigowa da masu sarrafawa.

Na gode.

Mai harhaɗa magunguna, daga Kano