Bayan an sallamo mai shaye-shaye daga jinya, wa ke bibiyarsa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan wani ɓangare na matsalar shaye-shaye da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba, wato rayuwar mutum bayan an gama yi masa magani an sallamo shi. Yawancin abin da ake rubutawa yana tsayawa ne a kan kama masu safarar miyagun ƙwayoyi, ko a kan yadda aka kai mutum cibiyar gyaran hali. Abin da ke faruwa daga ranar da ya dawo gida ba kasafai ake tambaya ba, alhali watannin da ke biyo bayan wannan rana su ne suka fi kowane lokaci hatsari a gare shi.

Iyalai da dama suna ɗaukar sallama daga cibiya a matsayin warkewa, sai a yi murna, a yi godiya ga Allah, kowa ya koma sabgarsa. Masana kuwa ba haka suke kallon lamarin ba. A shekarar 2000, Dokta Thomas McLellan da abokan aikinsa sun wallafa nazari a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, inda suka nuna cewa kamuwa da shaye-shaye ya fi kama da cututtukan da ake lallaɓawa tsawon rayuwa, irin su hawan jini da ciwon suga da asma. Hukumar binciken shaye-shaye ta Amurka, NIDA, ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani suna komawa ruwa. Ba na kawo wannan adadi don in kashe wa kowa guiwa ko in nema wa kowa uzuri ba. Na kawo shi ne domin babu mai hankalin da zai ce mai hawan jini ya daina ganin likita don jininsa ya sauka a wata guda, amma mukan yi wa mai shaye-shaye haka ba tare da mun ga aibinsa ba.

Akwai abu guda da nake roƙon kowane uba da uwa da mata da miji su sani, domin rashin saninsa yana cin rayuka. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyin dangin ofiyom, irin su tiramadol da kodin da hiroyin, jikinsa yakan saba har ya riƙa ɗaukar adadin da zai kwantar da wani. Idan ya yi makonni bai sha ba, wannan sabo yana raguwa ƙwarai, amma shi a ransa bai manta adadin da yake sha a da ba. Ranar da ya zame ya sha irin wancan adadi, numfashinsa na iya yin ƙasa har ya tsaya, musamman idan ya haɗa da barasa ko maganin barci. Shi ya sa mutuwa ta hanyar shan abin da ya wuce kima take yawaita a makonnin farko bayan fitowa daga cibiya ko daga gidan yari. Akwai magani mai suna nalokson da ke farfaɗo da wanda ya shiga wannan hali idan an ba shi da wuri, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a samar da shi ga mutanen da ke kusa da mai irin wannan matsala. Ya kamata iyali su tambayi likita game da shi tun kafin ranar sallama. Barasa ma tana da nata hatsarin: wanda ya koma shanta da yawa, sannan ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai a ɗaki saboda kunya, yana iya faɗawa cikin jijjiga da ruɗewa da kan kai ga mutuwa, don haka gaban likita ya kamata ya daina.

Haka nan, ba ƙaramin kuskure ba ne a hana mutum maganin da likita ya ɗora shi a kai da hujjar wai an canja masa wata ƙwaya da wata. Metadon da bufirenofin, magungunan da likita ke bayarwa a madadin ƙwayar, suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005, kuma an tabbatar suna rage mutuwa a tsakanin masu fama da dangin ofiyom. Ga masu barasa akwai irin su naltirekson da akamfuroset, masu rage ƙishirwar sha. Lokacin da za a rage ko a daina su hukunci ne na likita da mara lafiya, ba na ɗan uwan da ya gaji da ganin kwalin magani a ɗaki ba.

Wani abin da ke ba iyali mamaki shi ne ganin wanda aka sallamo yana zaune sukuku, ba ya jin daɗin komai, barci ya ƙaurace masa, abu kaɗan ya fusata shi. Sai a fara cewa ba ya godiya, ko kuwa ya koma sha a ɓoye. Sau da yawa ba haka ba ne. Ƙwaƙwalwar da ta saba samun jin daɗi daga ƙwaya tana buƙatar lokaci mai tsawo kafin ta sake jin daɗin abubuwan yau da kullum, kuma hotunan ƙwaƙwalwa da Dokta Nora Volkow da abokan aikinta suka ɗauka a 2001 sun nuna cewa ga masu shan metamfetamin, wata ƙwaya mai zaburar da jiki, farfaɗowar ta bayyana sosai ne bayan fiye da shekara guda da dainawa. Ban da wannan, mutane da yawa tun asali ciwon damuwa ko fargaba ko wani tashin hankali da suka taɓa gani ne ya tura su ga sha. Idan aka cire ƙwayar aka bar ciwon ba magani, an mayar da mutum ne daidai inda ya fara.

Jarabar sha kuwa ba daga sama take faɗowa ba, tana da ƙofofin da ta saba shigowa ta cikinsu. Wayar da ya bari kafin a kai shi cibiya tana nan da lambobinta, kuma daren farko da ya kunna ta saƙo zai shigo daga tsohon aboki: “Mun ji ka dawo, yaushe za ka leƙo?” Hanyar da yake bi tana ratsa inda yake saye. Ranar da kuɗi suka fara shiga hannunsa, da lokacin da gari ya yi shiru kowa ya kwanta shi idonsa biyu, duk lokuta ne da aka san suna da wuya. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma faɗa wa mutum ya rabu da abokan banza ba ya wadatarwa idan ba shi da wasu, domin kaɗaici da zaman banza su ma ƙofofi ne. Abin da ke aiki shi ne shiri tun kafin lokacin: a goge lambobin ko a canja layin, a canja hanya, a amince da wanda zai taya shi riƙon kuɗi na ɗan lokaci da yardarsa, a tsara lokacin barci da motsa jiki da aiki ko koyon sana'a. Ya kuma san cewa ƙishirwar sha takan taso ta yi ƙarfi sannan ta lafa da kanta, kuma ya san wanda zai kira a daidai wannan lokaci ko da tsakar dare ne.

A nan ne amfanin waɗanda suka riga shi bin wannan hanya yake. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda masu fama da barasa ke haɗuwa a cikinta su yi zama suna ƙarfafa wa juna guiwa, ta samo asali ne a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, lokacin da Bill Wilson, wanda ya ji sha'awar barasa tana neman rinjayarsa a baƙon gari, ya nemi wani mai irin matsalarsa, Dokta Bob Smith, domin su yi magana. Takwararta ta masu fama da ƙwayoyi, Narcotics Anonymous, ta biyo baya a 1953. Wani babban nazari na Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, a 2020 ya gano cewa shirye-shiryen da ke haɗa masu barasa da irin wannan zama suna taimakawa wajen ɗorewar dainawa, a wasu ma'aunai ma fiye da sauran hanyoyin da aka gwada su da su. Ba kowa ne tsarin zai dace da shi ba, amma darasinsa ya shafi kowa: mutum yana buƙatar wurin da zai ce “yau na ji kamar in sha” ba tare da an zare masa ido ba. Mata sun fi rasa irin wannan wuri, domin abin da ake yafe wa namiji a wannan fage ba kasafai ake yafe musu ba.

Game da iyali, na san ba su da sauƙi. Wanda aka yi wa ƙarya aka ɗauke masa kaya shekara da shekaru yana da dalilin yin taka-tsantsan. Sai dai akwai bambanci tsakanin sa ido da tozartawa. Idan duk shigowarsa gida sai an leƙa ƙwayar idonsa, an matso kusa ana shinshina numfashinsa, ƙanwarsa ta janye jakarta daga kan kujera a gabansa, to ana faɗa masa kullum cewa ba wanda ya yarda zai canja. Gara a zauna a yi magana a fili, a shimfiɗa sharuɗɗan da kowa ya sani, a riƙa ƙara masa amana gwargwadon yadda ya cika alkawari. Su ma masu kula da shi suna buƙatar wanda zai saurare su, domin gajiyarsu gaskiya ce.

Idan kuma ya zame, abin da ya biyo baya ya fi zamewar muhimmanci. Masanin halayyar ɗan Adam Alan Marlatt ya bayyana yadda wanda ya sha sau ɗaya yakan ce a ransa tunda ya ɓata, bari ya ɓata gaba ɗaya, sai kuskuren dare ɗaya ya zama komawa ta watanni. Gidan da ya san za a kore shi ko a yi masa taron dangi idan ya faɗi gaskiya, ba zai faɗa ba. Kamata ya yi a yi yarjejeniya tun farko cewa idan hakan ta faru zai sanar a ranar, a koma wurin likita a ranar, a duba abin da ya jawo, a gyara shirin.

Roƙona ga cibiyoyin jinya shi ne kada su sallami kowa sai da rubutaccen shiri a hannunsa, da ranar dawowa ganin likita, da lambar da shi ko iyalinsa za su kira, da bayani a fili game da hatsarin makonnin farko. Ku kuma, Malam Edita, ina roƙon idan wakilanku sun je ɗauko rahoto a irin waɗannan cibiyoyi, kada su tsaya ga tambayar mutum nawa aka sallama. Su tambayi mutum nawa aka sake nema bayan wata shida da bayan shekara, da kuma wanda aka ɗora wa alhakin nemansu.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Mai karanta jaridarku