Wasiƙa zuwa ga ɗana game da inshorar motarsa

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka a Bauchi, mun ji labarin motar da ka saya. Allah ya sanya albarka, ya tsare hanya.

Ka ce wakilin kamfanin inshora ya ajiye maka zaɓi biyu. Na farko shi ne wanda doka ta wajabta, wanda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinsa daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun farkon 2023. Idan ka buge motar wani ko ka rushe masa katanga, za a biya shi har naira miliyan 3, amma taka motar ko fitila ɗaya ba za a gyara maka ba. Na biyu, wanda suke rubuta wa comprehensive a takarda, ana nufin ya haɗa ɓarnar da ka yi wa wani da lalacewar motarka a hatsari da gobara da sata, kuma kuɗinsa ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara.

Tunda kusan kowane ƙarshen mako kana kan hanyar Alkaleri zuwa nan Gombe, kana gwamutsuwa da manyan motoci, na biyun nake so ka ɗauka, ko da kuɗin zai yi maka nauyi a bana.

Sai dai kada sunan comprehensive, mai nufin ya haɗa komai, ya sa ka ɗauka ba abin da aka bari a baya. Injin da ya buga don tsufa ba ya ciki, haka taya da ta cinye. Idan ka yi kabu-kabu da motar da aka rubuta ta gida ce, ko ka ba ƙaninka marar lasisi makulli, kamfanin yana da hujjar ƙin biya. Ambaliya da tarzoma kuwa, sau da yawa sai an ƙara musu kuɗi daban, don haka ka tambaya a rubuta maka. Ka tambayi kuma kason da kai za ka fara biya daga aljihunka idan an yi ɓarna, domin a nan ake yawan samun saɓani.

Na san zuciyarka ba ta kwanta da inshora ba saboda maganar riba, kuma na ji daɗin hakan. Akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi da ke aiki bisa tsarin taimakekeniya. Ka je ofishinsu da ƙafarka, kada ka karɓi takarda daga hannun 'yan kamasho a bakin titi, domin jabu ta yi yawa.

Mahaifiyarka tana gaishe ku. Idan za ka zo ranar Juma'a, ka taho da takardar mu karanta tare kafin ka sa hannu.

Mahaifinka,
Gombe.